Yasar tashoshin jiragen ruwa: Inda ake zubar da laka ya shafi aljihunmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan yasar rijiya ya san cewa fito da laka rabin aiki ne kawai. Sauran rabin shi ne sanin inda za a zuba ta. In aka tara ta a bakin rijiyar, ruwan farko na damina zai mayar da ita inda ta fito, a sake kiran mai yasa a sake biyansa. In kuwa aka watsa ta a ƙofar maƙwabci, to an sayi rigima da kuɗi. Wannan lissafi da kowane maigida ya sani shi ne yake gaban hukumomin tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome da Tema da Duwala, sai dai su tasu lakar ba da guga ake auna ta ba, da miliyoyin kubik mita ake auna ta, kuma wurin da ya fi sauƙin kai ta shi ne cikin teku.

Mai yiwuwa ɗan kasuwar da ke karanta wannan shafi a Gaya ko Birnin Ƙonni ko Dan Isa ya ce ina ruwanmu da lakar teku, mu da ko ƙamshin tekun ba ma ji? Amsar tana cikin shagonsa. Shinkafa da man girki da atamfa da kayan gyaran mota da babura, kusan dukkansu ta bakin teku suke shigo mana, kuma duk kuɗin da tashar jirgin ruwa ta kashe, ko ta yi asara, a ƙarshe a kan buhu da kwali ake raba shi. Mun ga haka ƙarara bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, lokacin da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Abin da ya taɓa tasha ya taɓa kasuwa.

Gasar neman zurfi

A 'yan shekarun nan tashoshin yankinmu sun shiga gasar zurfi, domin jiragen dakon kwantena sai ƙara girma suke yi, kuma babban jirgi ba ya shiga ruwan da bai kai masa ba. Tashar kwantena ta Lome da aka buɗe a 2014 ta zo da zurfin da ya haura mita 16. Kamaru ta buɗe tashar Kribi a 2018, Gana ta buɗe sabon ɓangaren tashar Tema a 2019, Najeriya kuma ta ƙaddamar da tashar Lekki a watan Janairun 2023. Ita ma Benin ba ta zauna ba, domin tun 2018 ta miƙa gudanar da tashar Kwatano ga wani reshe na tashar Antwap ta ƙasar Beljiyam, sannan a 2023 Bankin Raya Afirka ya amince da ba da rancen yuro miliyan 80 don faɗaɗa ta.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana nufin yasa. Yasa kuwa iri biyu ce. Akwai ta sabon haƙa, wadda ake yi in za a ƙara zurfi ko faɗi, sannan akwai ta kullum, wadda ake yi don kada hanyar jirgi ta cushe. Tashar Duwala, wadda 'yan'uwanmu na Cadi da Afirka ta Tsakiya suke dogaro da ita, tana can cikin bakin kogin Wuri ne, kuma kogin ba ya daina kawo laka, don haka yasa a wurin ba ta ƙarewa. Idan aka yi sakaci hanya ta cushe, dole jirgi ya rage kaya, ko ya jira ruwa ya cika, ko a sauke kayan a wata tasha a sake loda su a ƙaramin jirgi. Duk wannan jinkiri da tararsa a kanmu suke ƙarewa. Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a daina yasa. Abin tambaya shi ne, ina za a kai abin da aka yaso?

Yadda yashi ke tafiya a gaɓar teku

Kafin a amsa, sai an fahimci halin tekun namu. Daga Gana zuwa Togo zuwa Benin har Legas, igiyar ruwa tana buga gaɓa ne a karkace, tana tura yashi daga yamma zuwa gabas, kamar yadda iskar hunturu ke tura rairayi a jikin darni. Masana sun kiyasta cewa a gaɓar Togo da Benin yashin da ke wucewa yana kai wa kimanin kubik mita miliyan 1 a shekara. In muka ɗauka tifa ɗaya tana ɗaukar kubik mita 10, to lodin tifa 100,000 ke nan kowace shekara.

Da aka gina tashar Kwatano a 1965 da ta Lome a 1968, dogayen katangun duwatsun da aka shimfiɗa cikin teku don kare jirage sun tare wannan yashi. Yammacin kowace tasha sai ƙasa ta riƙa ƙaruwa, gabashinta kuma teku ya riƙa cin ƙasa, domin igiyar ruwan da aka hana yashinta sai ta ɗebi na gaba. Ga kuma madatsar ruwa ta Akosombo da Gana ta kammala a 1965, wadda ta rage yashin da kogin Bolta ke kawowa teku. Sakamakon haka, hanyar da ta tashi daga Lome zuwa Aneho, wadda manyan motocinmu ke bi in za su Kwatano da Legas, har sau biyu teku yana cinye ta ana matsar da ita. A gabashin Kwatano kuwa, a unguwar Akpakpa, gidaje da dama sun faɗa ruwa. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2019 ya kiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai, lalacewar gaɓar teku, wato zaizayar ƙasa da ambaliya da gurɓatar muhalli, ta jawo wa Benin da Togo da Kodebuwa da Sanagal asarar dala miliyar 3.8, daidai da kashi 5.3 cikin 100 na abin da ƙasashen huɗu suka samar a wannan shekara.

To a nan ne abin mamaki yake. Gaɓar da ke kukan rashin yashi, ita ce kuma ake iya kwashe yashinta daga hanyar jirgi a kai shi can tsakiyar teku inda ba zai ƙara dawowa ba. Kamar mutum ne ya zubar da hatsi a rijiya alhali gidansa ana kwana da yunwa.

Ba duk laka ce ɗaya ba

Kuskuren farko da ake yi shi ne a ɗauki duk abin da aka yaso a matsayin shara iri ɗaya. A gaskiya kashi uku ne. Na farko shi ne tsabtataccen yashi, wanda galibi a bakin tasha da hanyar shiga ake samunsa. Wannan dukiya ce, ana iya mayar da shi gaɓar da ke zaizayewa ko a cike fili da shi a yi gini. Na biyu shi ne taɓo mai laushi wanda ba shi da guba amma ba ya ginuwa, shi ne galibi ake nema wa wuri a teku. Na uku kuwa shi ne baƙar lakar da ke kwance a cikin kwarmin tasha, inda jirage ke tsayawa shekara da shekaru. A cikinta ake samun baƙin mai da darma da sauran ƙarafa masu guba da dattin magudanan gari, har da burbushin wani fenti mai suna TBT da ake shafa wa ƙasan jirage, wanda yarjejeniyar 2001 ta haramta, haramcin kuma ya fara aiki a 2008, amma har yanzu gubarsa tana iya zama cikin tsohuwar laka. Muddin tana kwance ba a taɓa ta ba, cutarwarta kaɗan ce. Da zarar an tono ta an watsa a ruwa, sai ƙananan halittu su ci, kifi ya ci su, mutum ya ci kifi.

Duniya ta daɗe da yi wa wannan lamari doka. Akwai Yarjejeniyar Landan ta 1972 kan zubar da shara a teku, sannan aka ƙarfafa ta da wata a 1996, wadda ta fara aiki a 2006, kuma Najeriya da Gana suna cikin waɗanda suka amince da ita. Ita ta 1996 ɗin juya maganar ta yi, ta ce komai haramun ne a zuba a teku sai 'yan abubuwan da aka lissafa, su ma sai da izini. Lakar yasa tana cikin jerin, kuma ita ce kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na duk abin da ake ba da izinin zubarwa. Amma kafin izini, dole a auna lakar a ɗakin gwaji, a duba ko akwai wani amfani da za a yi da ita, a zaɓi wuri bisa bincike, sannan a ci gaba da sa ido bayan an zuba. A yankinmu kuma akwai Yarjejeniyar Abijan ta 1981, wadda ta ɗora wa ƙasashen gaɓar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya nauyin kare tekunsu tare. Ke nan ba dokar ce babu ba, bin ta ne abin dubawa.

Yaya ake zaɓen wuri?

Abu na farko da masana ke dubawa shi ne inda ruwa ke tafiya. Wurin da ke kusa da hanyar jirgi, musamman ta yammacinta, shi ne bakin rijiyar da muka faɗa tun farko, domin ruwa zai mayar da lakar cikin hanyar, a sake biyan kuɗin kwashe ta. Daga nan sai a tantance irin wurin da ake so. Akwai wuri mai watsawa, inda ruwa ke da ƙarfi yana baza laka a hankali, wannan ya dace da taɓo mai tsabta. Akwai kuma wuri mai riƙewa, kamar rami mai zurfi da ruwansa ba ya motsi sosai, inda ake so abin da aka zuba ya tsaya, wani lokaci har a rufe shi da tsabtataccen yashi. In aka sa laka mai datti a wuri mai watsawa, an raba guba ke nan ga kowa da kowa.

Abu na biyu shi ne masunta. Laka tana dagula ruwa, ta tare hasken rana, ta binne halittun ƙasan teku, ta toshe wa kifi hanyar numfashi. Dole wurin zubarwa ya yi nesa da inda kifi ke ƙwai da inda masu kwale-kwale ke jefa taru, da bakin tafkuna irin na Nokuwe a Kwatano da bakin kogin Mono, yankin da hukumar UNESCO ta sa cikin wurare masu kariya a 2017, inda kunkuran teku ke fitowa yin ƙwai a wajajen Garan Popo. Lokaci ma abin lura ne. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi yake tasowa, ƙananan kifaye irin su sadin su yawaita, wannan ita ce kakar masunta. Zubar da laka a kusa da su a wannan lokaci daidai yake da sakin dabbobi cikin gona ana gab da girbi. Kada kuma mu manta, iyalan masuntan nan su ne masu sayen albasarmu da wakenmu da dabbobinmu a kasuwannin kudu, inda 'yan'uwanmu mazauna zango ke sana'a. In aljihunsu ya bushe, namu ma ya ji a jikinsa.

Abu na uku shi ne kayan da ke shimfiɗe a ƙasan teku. Bututun iskar gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, ya taso daga Najeriya ya bi ta gaban Kwatano da Lome da Tema har Takoradi. A watan Agustan 2012 ƙugiyar wani jirgi ta fasa shi a kusa da Lome, aka yi kusan shekara guda ba a tura gas ba, Gana ta sha fama da ɗaukewar wuta. Haka kuma a watan Yulin 2009, da wayar sadarwa ta ƙarƙashin teku mai suna SAT-3 ta samu matsala a reshenta na Benin, intanet ya ɗauke har a Nijar. Ga kuma tashar lodin ɗanyen man Nijar a Seme, wadda ta fara aiki a 2024. Duk waɗannan ba yasa ce ta jawo matsalolinsu ba, amma sun nuna mana cewa ƙasan tekun ba fili ne da ba mai shi ba. Tulin laka a kan bututu ko waya yana hana dubawa da gyara.

Abu na huɗu shi ne maƙwabci. Gaɓar Togo ba ta kai kilomita 60 ba, ta Benin kuma kimanin 125 ce. Lakar da aka zuba a ruwan wata ƙasa ba ta neman biza kafin ta shiga na wata. Don haka zaɓen wuri ba shawarar ƙasa ɗaya ba ce.

Araha ba ta ado

Akwai masu cewa duk waɗannan sharuɗɗa tsarabar Turawa ce, ƙasashenmu matalauta ne, a bar su su yi aiki da sauri da araha. Maganarsu tana da ɗan ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Jirgin yasa yana tsotse laka ne ya cika cikinsa, ya tafi wurin zubarwa ya buɗe ƙofofin ƙasansa, sannan ya dawo. Duk sa'ar da ya yi a hanya sa'a ce da bai yi yasa ba, ga mai yana ci, ga haya mai tsada. Wuri mai nisa lalle yana ƙara kuɗin kwangila, gwajin laka ma ba kyauta ba ne.

To amma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin bambancin araha da riba. Wanda ya ɗauki direba mai rangwame motar ta kwana uku a hanya da lalatattun tayoyi ya san abin da muke nufi. In an zuba kusa, za a sake yasa da wuri. In an zubar da yashi mai kyau a zurfin teku, gwamnati za ta ciwo bashi ta sake haƙo wani yashin don kare gaɓa. In an kashe wa masunta sana'a, za a biya diyya ko a fuskanci tarzoma. Bugu da ƙari, saboda tsadar tafiya ne ake samun wata tsohuwar dabara a wannan sana'a, wato jirgi ya buɗe cikinsa tun bai kai wurin da aka keɓe ba, musamman da dare. Maganin wannan kuwa ba shi da tsada a yau, domin ana iya sa wa jirgin na'urar da ke nuna inda yake da lokacin da ya buɗe ƙofa, a kuma ƙi biyan duk lodin da aka zubar ba a wurinsa ba.

Akwai darasi a wasu wurare. Tun 1987 tashar Rotadam ta ƙasar Holan ta gina wani ƙaton rami mai katanga don ajiye laka mai guba, maimakon zuba ta a teku. A 2011 kuma Holan ɗin ta jibge yashi kubik mita miliyan 21.5 a wuri ɗaya a gaɓarta, ta bar wa igiyar ruwa aikin rarraba shi. Wannan dabara ta iso yankinmu, domin a 2022 da 2023, ƙarƙashin shirin WACA na Bankin Duniya, an yi aikin kare gaɓa daga Agbodrafo a Togo zuwa Garan Popo a Benin, inda aka jibge yashi kubik mita miliyan 6.4 a ɓangaren Benin. Wato ƙasashen biyu sun riga sun gwada aiki tare, sun kuma san tsadar yashi. A Ostareliya kuwa, izinin da aka bayar a 2014 na zubar da laka kubik mita miliyan 3 a yankin murjani mai kariya ya gamu da adawar jama'a, har a 2015 gwamnati ta haramta zubar da lakar sabon haƙa a wurin. Ba jirgin yaƙi ya canja wannan shawara ba, mutane ne suka nemi ganin takardu suka yi magana.

Abin da ya rage gare mu

A ganinmu hanya a fili take. Tsabtataccen yashi a mayar da shi gabashin tasha inda teku ke cin ƙasa. Laka mai guba a killace ta, kada ta taɓa buɗaɗɗen teku. Taɓon da ya rage shi kaɗai za a nema wa wuri, wurin kuma a zaɓe shi da bincike, a zana shi a taswira, a sanar da masunta da maƙwabta, a riƙa auna shi ana bayyana sakamako.

Mu da muke nesa da teku ba mu da ƙuri'a a Benin ko Togo, amma muna da abin da tashoshin nan suke gasa a kansa, wato kayanmu. Kowace tasha tana aiko da wakilai Yamai da Wagadugu da Injamena tana zawarcin 'yan kasuwar ƙasashen da ba su da teku. A irin waɗannan tarurruka, hukumar CNUT mai kula da masu dakon kaya a Nijar, da majalisun 'yan kasuwa, da ƙungiyoyin direbobi, suna da damar yin tambayoyi bayan na rangwame da filin ajiye kaya. Nawa ne kuɗin yasa a cikin harajin da ake ɗora wa kowace kwantena? Sau nawa ake yasa, kuma me ya sa? An auna lakar? Ina ake zuba ta, wa ke gadin wurin? Tashar da ta iya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, ita ce za a fi amincewa ba za ta wayi gari da cushewar hanya ko sabon haraji na ba-zata ba.

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu a nan gemun ma ɗaya ne, domin hanyar da teku ke ci ita ce hanyar da kayanmu ke bi. Allah ya ba shugabanni ikon duba gobe, mu kuma ya sa wa kasuwanninmu albarka.